Kafin Ɗaliba Ta Riƙe Allura: Sharuɗɗan Lafiya ga Sababbin Ɗaliban Jinya a Damagaram

Da sunayen waɗanda aka ɗauka a makarantun kiwon lafiya suka fito, ɗiyar yayata ta zo gidana da la'asar riƙe da jakar takardunta, domin in duba mata ko akwai abin da ya rage kafin ta kai. Komai yana nan a jere: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa kama ta da laifi ba, hotuna, da takardar likita da ake kira bizit da kontar-bizit, mai ɗauke da hatimi da sa hannu. Na tambaye ta yadda aka duba ta. Ta ce, "Kawu, ai ko taɓa ni ba a yi ba. An tambaye ni ko ina da wani ciwo, na ce a'a, sai aka buga hatimi." Na ce, "To ɗiyata, allurar ciwon hanta fa, an yi miki?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta taɓa jin akwai ta ba, katin rigakafinta na yarinta kuwa ya ɓata tun wata ƙaura da suka yi tana ƙarama. Ga yarinya da nan da ƴan watanni za a miƙa mata sirinji a ce ta ɗebi jinin majinyaci, takardunta sun cika cif, jikinta kuwa ba shi da wata kariya.

Shekarun da na yi ina aikin jinya sun nuna mini cewa yawancin iyaye, har ma da wasu makarantu, suna ɗaukar sharuɗɗan lafiya da ake gindaya wa sabon ɗalibi a matsayin takarda ɗaya cikin takardun da ake cika jaka da su. Alhali dalili biyu ya sa aka ƙirƙiro su, kuma kowanne ya shafi rai. Ana son kare ɗalibi daga cutar da ke jikin majinyaci, ana kuma son kare majinyaci, wanda ya zo da rauninsa, daga abin da ɗalibi zai iya ɗauko masa a hannu ko a numfashi. Hatimi ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ke yin su shi ne garkuwar da ke cikin jinin ɗalibi, da abin da hannunsa ya saba yi, da kuma lokacin da aka yi shirin, domin a wannan harka abu mai kyau idan ya zo a makare, amfaninsa ya ragu ƙwarai.

Damagaram gari ne da ake horar da ma'aikatan lafiya masu yawa. Akwai makarantar gwamnati ta ENSP, akwai makarantu masu zaman kansu, ga kuma sashen ilimin lafiya na Jami'ar André Salifou. Wasu ɗaliban suna shigowa da BEPC, wasu da BAC, amma dukkansu hanya ɗaya suke bi, wato bayan darussan aji sai a tura su sitaj, koyon aiki a aikace, a Babban Asibitin Ƙasa, ko cibiyar kula da uwa da yaro, ko ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni da ake kira CSI, wasu har Mirya, Magarya da Matamaye. A ɗakin majinyata ɗan sitaj shi ne ƙarami a matsayi, don haka shi ake miƙa wa ayyukan da suka fi cuɗanya da jini da ruwan jiki: yin allura, ɗibar jini, sa ƙarin ruwa, wanke miki, kwashe kayan aiki bayan haihuwa. Wanda ya fi kowa ƙarancin sabo shi ne ya fi kowa taɓa abin da ke cutarwa. Wannan ba muguntar kowa ba ce, haka koyon sana'ar yake, amma shi ne ya sa shirin da ake yi kafin ranar farko ya fi na kowace rana muhimmanci.

Idan aka tambayi sabon ɗalibi cutar da yake tsoro a asibiti, sida zai ce. Lissafi kuwa wani wuri yake nunawa. Idan allurar da aka yi wa mai ƙwayar sida ta soki ma'aikaci, yiwuwar ya kamu wajen 3 ne cikin 1000. Ga ciwon hanta nau'in C, wajen kashi 2 ne cikin 100. Amma ga ciwon hanta nau'in B, idan wanda allurar ta soka ba shi da rigakafi, haɗarin yana kamawa daga kashi 6 har zuwa kashi 30 cikin 100, gwargwadon yawan ƙwayar a jinin majinyacin. Ƙwayar kuma tana da taurin rai, tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini a kan tebur ko almakashi ba ta mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, ta kuma kashe wajen miliyan 1.1 a wannan shekara, mafi yawa ta hanyar ƙeƙashewar hanta da kansar hanta. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da cutar ta fi yawa, kuma yawancin masu ɗauke da ita ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Ma'ana, majinyacin da ya zo da karaya ko matar da ta zo haihuwa lafiya lau, kowanne yana iya kasancewa da ita. Wani tsohon ƙiyasi na hukumar, wanda ya shafi shekarar 2000, ya nuna cewa sukar allura da sauran kaifafan kayan aiki ta jawo wa ma'aikatan lafiya na duniya kamuwa da hanta B wajen 66,000, da hanta C wajen 16,000, da sida wajen 1,000 a cikin shekara guda.

Abin da ya sa lamarin ya fi damuna game da ɗalibanmu na yanzu shi ne tarihin rigakafi a Nijar. Sai a shekarar 2008 aka shigar da allurar hanta B cikin rigakafin jarirai, a cikin allurar nan mai haɗa cututtuka biyar da ake kira Penta. Duk wanda aka haifa kafin wannan shekara bai same ta a jarirantaka ba, ko da kuwa uwarsa ba ta taɓa fashin zuwa awo ba. Waɗanda aka haifa bayan nan ma ba duka suka sami allurai ukun ba, musamman a karkara, kuma da yawa katinsu ya ɓata ko gara ta cinye. Saboda haka babban kaso na matasan da ke sanya farar riga a yau, da ma manyansu da suke koya musu aiki, sun fito ne daga zamanin da babu wannan kariya. Ƙasashen da suka daɗe suna yi wa jarirai allurar suna iya wadatuwa da duba kati kawai. Mu ba mu kai can ba tukuna, don haka kwafo tsarin takardunsu ba tare da duba halinmu ba ba zai fisshe mu ba.

Allurar manya sau uku ake yin ta a dantse: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Bayan ta ƙarshe da wata ɗaya ko biyu ana so a auna jini a ga ko jiki ya samar da garkuwa, awon da ake kira anti-HBs, kuma ana neman sakamako ya kai 10 ko ya wuce. Fiye da tara cikin goma na matasa masu lafiya suna samun garkuwar, ƴan kaɗan kuma ba sa samu, sai an sake musu zagaye. Idan aka haɗa lissafin, daga allurar farko zuwa tabbatar da kariya wata bakwai ne ko takwas. Ɗalibin da ya shiga aji a watan Oktoba, idan ba a fara masa ba sai da aka liƙa jadawalin sitaj, to zai shiga ɗakin majinyata da allura ɗaya ko babu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka tabbatar an ɗauki ɗalibi, ranar ya kamata a yi masa ta farko, kuma idan lokaci ya ƙure akwai tsarin gaggawa da aka amince da shi, inda ake yin uku a jere wata-wata sannan a ƙara ta huɗu bayan shekara. Wanda kuma ya yi ɗaya ko biyu ya tsaya, ba sai ya koma farko ba, daga inda ya tsaya zai ci gaba. Na ga ɗalibai da yawa da suka watsar da abin gaba ɗaya saboda an ce musu jinkiri ya ɓata waɗanda suka riga suka yi, alhali ba haka ba ne.

Akwai wani wuri mai wuya a nan da ba a cika son magana a kansa ba. Kafin allura ana so a auna ko ɗalibin ya riga ya kamu, kuma a ƙasa irin tamu, a kowane rukuni na sababbin ɗalibai sai an sami waɗanda awon zai nuna suna ɗauke da ƙwayar. Me za a yi da su? Da farko ya kamata kowa ya san cewa yawancinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, daga uwa wajen haihuwa, ko ta cuɗanya da yara ƴan'uwansu, ko ta aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar takan zauna masa, babba kuwa jikinsa yakan kore ta a mafi yawan lokuta. Saboda haka sakamakon ba shaida ba ce a kan tarbiyyar kowa, kuma zalunci ne a kalli ɗiyar mutane da wannan ido. Na biyu, ɗauke da ƙwayar ba ya hana mutum aikin jinya. Allura, auna zafin jiki, ba da magani, wanke miki da safar hannu, duk ba sa jefa majinyaci cikin haɗari. Ayyukan da ake taka-tsantsan da su ƴan kaɗan ne, irin na fiɗa inda yatsun mai aiki suke cikin jikin majinyaci tare da abu mai kaifi ba tare da yana ganinsu ba, kuma ko su ana daidaita su ta hanyar auna yawan ƙwayar da shan magani irin tenofovir idan likita ya ga buƙata. Abin da ɗalibin yake buƙata shi ne likitan da zai riƙa bibiyar hantarsa, da shawarar a auna iyalinsa.

A ganina makarantar da ta mayar da wannan awo hanyar kora ta cutar da kanta. Da zarar ɗalibai sun fahimci cewa sakamakon yana iya raba su da karatu, ko ya fita waje ya ɓata wa yarinya maganar aure, to za su nemi hanyar kawo takarda mai tsabta ko ta wane hali, kuma wanda ya fi buƙatar magani shi zai fi ɓuya. Sakamakon awo tsakanin ɗalibi ne da likita, abin da ofishin makaranta yake buƙata kawai shi ne shaidar cewa an duba shi kuma ana kula da shi. Haka batun sida yake. Yana da kyau kowane mai shiga wannan sana'a ya san matsayinsa, amma bisa yardarsa kuma cikin sirri, ba a matsayin sharaɗin ɗauka ba.

Wani dare a wata cibiyar lafiya da na taɓa aiki, wuta ta ɗauke, wata ƴar sitaj tana sa wa yaro ƙarin ruwa, uwar yaron tana haska mata da fitilar salula. Yaron ya fizge hannu, ita kuma tana ƙoƙarin mayar da murfin allurar, sai ta soki ɗan yatsanta. Ta tsotse wurin, ta goge da gefen rigarta, ta ci gaba da aiki. Sai bayan kwana biyar wata abokiyarta ta zo ta faɗa mini a asirce. Da na kira ta na ce, "Ɗiyata, me ya hana ki faɗa tun a daren?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na ji tsoron kada manjo, shugaban masu jinya, ya ce ban iya aiki ba, a rage mini maki." Allah ya kiyaye, awon da aka yi wa yaron da uwarsa bai nuna komai ba. Amma da ya nuna, da lokacin magani ya riga ya wuce, kuma ba rashin magani ne ya jawo ba, tsoro ne.

Abin da ya kamata ta yi ba shi da wuya, kuma kowane ɗalibi ya kamata ya haddace shi kafin ya taka ƙofar asibiti. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, ba tare da matsawa ko tsotsa ba, sannan a jiƙa shi na aƙalla minti biyar a ruwan Dakin, mai kashe ƙwayoyin cuta, ko ruwan jabel da aka surka, kamar yadda ake koyarwa a makarantunmu. Idan ido ko baki jinin ya fantsama, a yi ta ɗauraya da ruwa mai tsabta. A sanar da shugaban aiki a take, a nemi yardar majinyacin a auna jininsa, a auna na ɗalibin. Idan akwai haɗarin sida, a fara maganin kariya cikin awoyin farko, domin bayan awa 72 ba ya da amfani, kuma kwana 28 ake shan sa ba fashi. Ga hanta B, wanda ya kammala allurarsa kuma aka tabbatar da garkuwarsa ba ya buƙatar komai, wanda bai yi ba kuwa sai an fara masa allurar nan take, wani lokaci a haɗa da wata allurar garkuwa ta musamman mai tsada wadda ba ko'ina ake samun ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin wanda aka shirya tun farko da wanda aka bari. Saboda haka nake ganin cewa cikin sharuɗɗan da ya kamata a rubuta, har da wanda ya hau kan makaranta da asibiti: kowane ɗan sitaj ya san sunan wanda zai kira da lambar wayarsa ko da ƙarfe biyun dare ne, ya san inda maganin yake, kuma a gaya masa a fili cewa faɗin haɗari ba zai taɓa makinsa ba. Mayar da murfin allura da hannu biyu kuwa, wanda shi ne sanadin suka da yawa, ɗabi'a ce da ɗalibi yake kwaikwaya daga manya. Allurar da aka gama da ita kai tsaye take shiga kwalin zubar da allurai mai ruwan ɗorawa, kwalin kuma a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, kada a jira sai allurai sun leƙo.

Ba ta jini kaɗai haɗari yake zuwa ba, kuma jiharmu ta ga haka a ƴan shekarun nan. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 daga ciki suka rasu, kuma nau'in C ne ya fi yawa a cikin waɗanda aka tabbatar. Wannan yana da muhimmanci, domin allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar a 2010, wadda ta karya lagon manyan annobobin da, nau'in A kaɗai take karewa. Ɗalibin da ya ce an yi masa allurar sanƙarau yana ƙarami ya faɗi gaskiya, amma ba lallai ne ta kare shi daga abin da ke yawo yanzu ba. Akwai allurai masu haɗa nau'i huɗu, akwai kuma sabuwa mai haɗa biyar, A, C, W, Y da X, kuma lokacin yin su shi ne kafin hunturu ya kankama, tunda daga sanyi da ƙura zuwa zafin bazara ne cutar take tashi. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓarke, Matamaye tana cikin wuraren da ya fi taɓawa. Garkuwar mashaƙo tana raguwa da shekaru, shi ya sa ake so babba ya sabunta allurar Td, mai haɗa mashaƙo da tetanos, duk shekara goma. A nan samari sun fi zama cikin haɗari, saboda mata sukan sami wannan allura wajen awon ciki ko a gangamin da ake yi dominsu, namiji kuwa tun ta yarinta ba a sake duba shi.

Ƙyanda ta fi dukkansu saurin yaɗuwa, tara cikin goma na marasa garkuwa da suka kusanci mai ita sukan kamu, ƙwayarta kuma tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan majinyacin ya fita. Ɗalibin da bai taɓa yin ta ba kuma ba a yi masa allura biyu ba, yana iya ɗaukar ta a ɗakin yara ya kai ta ɗakin masu tamowa, inda take kisa. A nan ne ake ganin ɓangare na biyu na sharuɗɗan, wato kare majinyaci. Sai dai ba a yi wa mai ciki allurar ƙyanda, kuma tunda ɗalibanmu da yawa matan aure ne, ya kamata a samar da hanyar da ɗaliba za ta faɗi tana da ciki ba tare da fargabar a dakatar da ita ba, domin a nisanta ta daga ɗakin hoton ƙirji da ɗakunan masu cututtuka masu yaɗuwa. Tarin fuka kuwa ba a dogara da tabon allurar BCG ta jarirai da ke hannu, domin allurar tana kare yara daga munanan nau'o'in cutar ne, ba ta hana babba kamuwa da na huhu. Abin da ke aiki shi ne a tambayi ɗalibi da gaske tun farko, a saurari ƙirjinsa, a ɗauki hoto idan da dalili, a kuma koya masa cewa tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zufar dare, awon majina suke nema, nasa ne ko na majinyaci. Takunkumin fiɗa na yau da kullum ba ya tace iska yadda ya kamata a gaban mai tarin fuka, sai takunkumi na musamman irin FFP2, kuma inda babu shi buɗe tagogi ba ƙaramar kariya ba ce.

Sauran sharuɗɗan na ɗabi'a ne, ba a samun su a farmasi. Wanke hannu shi ne kan gaba, a lokuta biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke son cikakkiyar tsabta, bayan taɓa ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, da ruwan alkol na goge hannu 20 zuwa 30. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san cewa a watannin zafi famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, sai an jira ƴan garuwa, don haka gaya wa ɗalibi ya wanke hannu sau talatin a yini ba tare da an tanadi bokiti mai famfo da sabulu da kwalbar alkol ba, ɗora masa laifin da ba nasa ba ne. Safar hannu ba ta maye gurbin wanki, kuma safa ɗaya ba ta zagaya gadaje. Batun tufafi ma yana son a yi shi da hankali, domin ya taɓa addini da kunya. Dogon hijabi da ke sharar gado da tiren kayan aiki yana ɗaukar ƙwayoyi daga wannan majinyaci zuwa wancan, ya kuma kai su gida wurin yara. Maganinsa ba cire shi ba ne, gajere mai tsabta da ake cusawa cikin rigar aiki ya wadatar, a bar shi na aiki kaɗai, a wanke shi daban. Zobba, warwaro, dogayen farce da na kanti duk ba su da wuri a ɗakin majinyata. Takalmi rufaffe yana da takura a watan Afrilu, amma allurar da ta faɗo daga tire ƙafa take nema.

Sirrin majinyaci shi ma sharaɗi ne na kariya, ko da ba ƙwayar cuta a ciki. A garin da kowa ya san kowa, ɗalibar da ta ga maƙwabciyarta a ɗakin haihuwa ko ta karanta sakamakon wani dattijon unguwa tana riƙe da abin da zai iya rusa gida. Salula ta ƙara wa abin nauyi, domin hoton miki ko na jariri da aka ɗauka don nuna wa abokai a WhatsApp ba ya dawowa. Sa hannu a takardar alƙawari yana da kyau, amma ɗalibi daga bakin manyansa yake koyon abin da ake faɗa da wanda ake bari.

Tambayar da ta rage ita ce ta kuɗi, kuma a kanta ne yawancin waɗannan sharuɗɗa suke karyewa. Rigakafin jarirai kyauta ne, na manya kuwa galibi saye ake yi, kuma idan aka haɗa awon farko, allurai uku, awon garkuwa, allurar sanƙarau, riga, takalmi da safar hannu, jikkuna ne masu yawa a kan uban da ya riga ya sayar da tunkiya ko buhun gero don kuɗin makaranta. Idan aka bar wa kowane gida nauyin shi kaɗai, mai hali zai yi, marar hali zai nemi hatimi. Makarantar da ke ɗaukar ɗalibai da yawa a shekara tana da ƙarfin da uba ɗaya ba shi da shi: tana iya sayen allurai a dunƙule da rahusa, ta sa kuɗin cikin kuɗin rajista a fili, ta ware ranaku uku a kalandar karatu da ma'aikata za su zo su yi wa aji gaba ɗaya, ta tabbatar allurar ta zauna cikin sanyi tun daga inda aka sayo ta, tunda zafi da daskarewa duk suna lalata ta. Asibitin da ke karɓar ƴan sitaj kuma yana da haƙƙin ya nemi ganin katin kowanne kafin ya buɗe masa ƙofa, kamar yadda ya wajaba a kansa ya ba shi safa, sabulu da kwalin allurai daidai da ma'aikacinsa. Ma'aikatar lafiya ita ce za ta iya mayar da wannan doka ɗaya ga makarantun gwamnati da masu zaman kansu, domin kada kariyar ɗalibi ta dogara da inda ya sami gurbi.

Washegarin ranar da ɗiyar yayata ta zo, na raka ta aka ɗebi jininta, sakamako ya nuna ba ta ɗauke da ƙwayar, aka yi mata allurar farko tare da ta Td a ɗaya dantsen. Na sayo mata sabon kati, na rubuta ranar ta biyu da ta uku da biro a bangonsa, na rubuta lambata a ƙasa. Bisa lissafinmu za ta fara sitaj da allura biyu a jikinta, ta uku kuma za ta riske ta tana tsakiyar aiki, don haka na roƙi uwarta ta ajiye kuɗin awon garkuwa daban tun yanzu. Da ta koma makaranta ta tambayi waɗanda suke zama benci ɗaya, su huɗu, ko an yi musu. Ɗaya ce kawai ta taɓa jin labarin allurar, ita ma ɗaya aka yi mata ta tsaya.